Tsakuwar Malam Ƙoda

Sunan Malam Ƙoda ba daga gida ya zo da shi ba, ɗalibai ne suka laƙaba masa. Duk shekarun da ya yi yana koyar da ilimin halittu a sakandare, babu darasin da ke sa shi ya ƙi jin ƙararrawar tashi sai na yadda dabbobi ke fitar da dattin jikinsu, da yadda suke tattalin ruwa, da yadda suke fama da zafi da sanyi. Yana iya zana ƙoda a allo idonsa na kan aji. Da ya yi ritaya ya bar wa makaranta allonta, amma sunan ya biyo shi gida, darasin ma ya biyo shi.

Suna zaune a hawa na ƙarshe na wani dogon bene, shi da matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Umma, har da waɗanda suka girme ta. 'Ya'yansu duk sun yi nasu gidajen, sai dai waya. Da ya rasa aji, sai Malam ya mai da mutanen benen abin nazarinsa. Mai gadi, wanda ke jawo kujerarsa bakin ƙofa da hantsi ya miƙe ƙafa a rana har sai jikinsa ya ɗumama kafin ya iya amsa gaisuwa, shi ne ƙadangare. Akawun hawa na biyu, mai ƙiba, wanda ke hawo matakala baki buɗe yana haki, Malam yana da sunan da yake kiransa, amma daga shi sai Umma suka sani. Ita Umma kuwa kwaɗo ce, don da zarar zafi ya shigo za ka same ta a falo ƙafafu cikin daron ruwa, jiƙaƙƙen tawul a wuya, fanka na kaɗawa a kanta.

"Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki," Malam zai ce yana wucewa. "Ta fata yake sha. Ya samu danshi ya zauna a kai, shi ke nan."

"Duk dabbobin da Allah ya halitta, Malam, ka rasa wadda za ka ba ni sai kwaɗo."

"Yabo ne, Umman yara. Babu fatar da ta kai tasa aiki."

"Riƙe yabonka, na gode."

Kansa kuwa raƙumi ya ba. Malam ba ya shan ruwa. Shayi kofi ɗaya da safe, kurɓi biyu bayan abinci, an gama. Halin ya samo asali ne tun yana koyarwa, lokacin da banɗakin malamai yake can bayan filin ƙwallo, ga nisa ga ƙofa marar sakata. Ya ga gara ya rage sha da ya riƙa barin aji yana ratsa fili a gaban yara. Da ya saba, sai ya nemo wa abin hujja a littafi. Ya ce raƙumi yana barin jikinsa ya ɗau zafi da rana ba tare da ya ɓarnatar da gumi ba, sai yamma ta yi ya huce. Ya ce akwai wani ɗan ɓeran hamada da ke iya ƙare rayuwarsa bai sa baki a ruwa ba, ƙodarsa ce ke matse komai ta mai da wa jiki. Saboda haka ko ana tsananin zafi, da kwat ɗinsa mai ruwan toka yake fita, maɓalli a rufe.

"Kai da bakinka ka ce in raƙumi ya samu ruwa sai ya kusa ƙarar da rijiya," Umma ta taɓa ce masa. "Wannan rabin darasin ina ka kai shi?"

Ya ce wannan wani babi ne daban.

Abin mamakin shi ne, mutumin da ba ya sha shi ne ya fi kowa damuwa da ƙishirwar wasu. Da zafin shekarar ya tsananta, ya ga tattabaru a kan rufin maƙwabta baki buɗe, maƙogwaronsu na karkarwa. Ya nuna wa Umma, ya ce ba su da gumi, da wannan kaɗa maƙogwaron suke yi wa kansu fifita. Ya ɗauki tsohon faranti mai zurfi ya cika da ruwa ya ajiye a gefen baranda. Kafin a ce me, labari ya bazu a cikin tattabarun unguwa. Sukan zo su jeru a kan ƙarfen baranda, su tsoma baki su zuƙa ba tare da sun ɗaga kai ba, Malam na zaune daga ciki yana kallo kamar mai duba jarrabawa.

A ƙarƙashin barandarsu daidai, barandar wata mai ɗinki ce, mace mai fara'a, mijinta direban tasi. A nan take shanya kayan mutane bayan ta wanke alamar alli. Wata rana da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa, Umma ta buɗe, sai ga mai ɗinki da baƙar riga a hannu. Ta durƙusa ta gaishe su da kyau, ta tambayi lafiyar yara da jikoki, sannan ta warware rigar. Daga kafaɗa har gindi farin zane ne, kamar an yarfa fenti.

"Baba, baƙinka ne suka yi mini ado," ta ce. "Mai rigar kuwa gobe za ta zo. Ba ta ce in sa mata fari ba."

Malam ya gyara tabarau ya karɓi rigar ya kai ta bakin taga. Umma ta ga yadda fuskarsa ta washe, ta san abin da ke tafe, ta koma ta zauna.

"'Yata, kin san mene ne wannan farin?"

"Na sani mana, Baba. Kashin tsuntsu."

"A'a. Kashin shi ne ɗan baƙi-baƙin nan na tsakiya. Farin fitsari ne."

Mai ɗinki ta dubi Umma. Umma ta dubi fanka.

Malam ya ce kowace dabba da ke cin abinci sai ta samu wani datti mai dafi a jininta, dole ta fitar. Kifi yana cikin ruwa, sai ya sake shi yadda yake, ruwa ya tafi da shi. Mu da awaki da karnuka sai hanta ta sassauta dafin, ƙoda ta narkar da shi a ruwa mu zubar. Tsuntsu kuwa da ƙadangare ba su da ruwan ɓarnatarwa, ga shi ɗan tsako yana girma a cikin ƙwai a rufe, ba inda zai zubar, sai suka mai da nasu kamar alli, yurik asid ake ce masa. Ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ba ya cutar da ɗan da ke cikin ƙwai.

"Shi ya sa kuma ba ya fita a wanki," mai ɗinki ta ce.

"Yawwa, kin gane."

"Na gane, Baba. Amma fitsari ne ko kashi, duk a kan rigar mutane yake."

Malam ya ga gaskiyarta. Hana tattabaru ruwa a wannan zafin bai taso ba, ya ce, amma zai yi mata rumfa. Zai samo tamfol ya ɗaure daga ƙarfen barandarsa ya rufe igiyar shanyarta. Ta ce mijinta zai iya sayowa in ya fita aiki. Malam ya ce ɓarnar baƙinsa ce, shi zai gyara da hannunsa.

Washegari da rana tsaka ya fita, da kwat. Umma ta biyo shi har bakin matakala da gorar ruwa, ya ɗaga mata hannu bai juyo ba. Shagon farko ba su da tamfol, na biyu nasu ya yi kauri, na uku aka ce mai shagon ya fita. Ya yi ta zagaya layin masu kayan gini, inda ƙarafa ke sheƙi a rana, kwalta na kama takalmi. Ya wuce masu sayar da ruwan sanyi sun fi a ƙirga, ko kallonsu bai yi ba. Da ya samu wanda ya yi masa, motocin haya duk a cike suke, ba mai ɗaukar mutum da nannaɗaɗɗen tamfol, sai ya saɓa a kafaɗa ya tako da ƙafa.

Ya iso gida leɓɓansa sun yi fari. Umma ta miƙa masa kofi.

"Bari in gama tukuna," ya ce, ya ajiye kofin a kan tebur.

Ya ɗaure kusurwa ɗaya, ya ɗaure ta biyu. Yana sunkuye a kan ƙarfen baranda yana neman zura igiya a ta uku, sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a kwiɓi ana murɗawa. Ya saki igiyar. Ya ja da baya ya zauna a ƙasa, sannan ya kwanta, sannan ya ga kwanciyar ma ba ta yi ba ya durƙusa. Gumin da ya yi shekaru yana alfahari ba ya yi, ya keto masa gaba ɗaya.

Umma ta fito ƙafafunta na ɗigar ruwa. Da ta ga fuskarsa sai ta durƙusa ta tallafo kansa.

"Ta hagu ce," Malam ya ce da ƙyar. "Daga baya ta taso, tana gangarowa mara. Tsakuwa ce a bututun da ke..."

"Yi shiru, Malam. Don Allah yau ɗaya ka yi shiru."

Ta leƙa ta baranda ta kira mai ɗinki. Aka yi sa'a mijinta direba ya dawo cin abinci. Ya hawo da gudu, ya gwada ɗaga Malam shi kaɗai, ya ga matakalar ta yi yawa, ya sauka ya buga ƙofar akawu. Haka suka sauko da shi, direba ta kai, akawu ta ƙafa, Umma na biye da takalmansa. Akawu na haki kamar kullum. Malam ma baki buɗe, harshe a waje, yana haki har ya fi shi. A tsakiyar matakala idonsa ya haɗu da na Umma, dukansu suka tuna sunan da ya laƙaba wa akawu. Duk da tsoron da ke cikinta sai da gefen bakinta ya motsa. Malam ya rufe ido.

A asibiti aka kwantar da shi a wani ɗaki mai labule kore, aka yi masa allurar kashe zafi, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Da ciwon ya lafa, ya kwanta yana kallon ledar da ke rataye, ruwa na ɗiga cikin jijiyarsa.

"Ka ƙi sha da baki," Umma ta ce a hankali tana gyara masa matashi. "Ga shi kana sha ta fata. Wa ke haka a cikin dabbobin?"

Malam ya mai da idonsa kan ledar.

Likitar matashiya ce, siririya, mai magana a natse. Tana shigowa Malam ya ƙare mata kallo, don ya saba duk inda ya shiga, banki ko asibiti, sai wani ya taso ya ce shi ɗalibinsa ne.

"'Yata, a ina kika yi sakandare?"

"Nesa da nan, Baba."

"Ba ki taɓa jin Malam Ƙoda ba?"

"Ban taɓa ba. Amma yanzu na ga ƙodar Malam a hoto." Ta juyo masa da takardar hoton cikin, ta nuna wani ɗan ɗigo. "Ga ta nan. Ƙarama ce, ina sa ran za ta fita da kanta. Ruwa kamar yaya kake sha a rana?"

"Daidai gwargwado."

"Kofi ɗaya na shayi," Umma ta ce.

"Launin fitsarin fa?"

Malam ya yi gyaran murya, ya dubi labule.

"Kamar shayin," Umma ta ce. "Kafin a sa madara."

Malam ya ga ana neman a mai da shi ɗan aji ɗaya, sai ya karɓe zancen. Ya bayyana wa likita yadda ƙoda ke tace jini, yadda take mai da ruwa jiki in ta ga ya yi ƙaranci, yadda abin da ya rage ke yin kauri har gishirin cikinsa ya fara daskarewa, ƙwaya ta hau kan ƙwaya. Likita ta saurara har ƙarshe, ba ta katse shi ba.

"Babu abin da zan ƙara, Baba," ta ce. "Ka ci jarrabawar rubutu. Saura ta aiki." Ta ce ya riƙa shan ruwa har sai fitsarinsa ya yi haske kamar ruwan, ya rage nama, ya riƙa tattaki da safe ko da yamma. Sannan duk lokacin da zai yi fitsari ya yi ta cikin mataci, don a kama tsakuwar a kai ɗakin gwaji a san irinta.

"Mataci," Malam ya maimaita.

"Irin na shayi ya isa."

Umma ta rufe baki da gefen mayafinta.

Da suka dawo gida ta ba shi tsohon matacinta, ta ɗaura masa jan zare a hannu don kada a yi kuskure, ta aika aka sayo mata sabo. Ta jera gorunan ruwa a kan teburin falo, ta jawo kujerarta kusa. Malam bai taɓa ganin mai sa ido a jarrabawa irinta ba. In ya kurɓa ya ajiye, sai ta ɗaga gorar ta duba a haske, ta mayar masa. 'Yarsu ta fari ta bugo waya daga inda take aure, maimakon ta tambayi jiki sai ta ce, "Baba, gora ta nawa?" Ashe uwar ta riga ta ba kowa labari.

Ruwa kuwa da ya shiga sai ya nemi hanyar fita. Malam ya koma tsakanin kujera da banɗaki, mataci a hannu. Ya zauna ke nan zai buɗe jarida, sai ya miƙe.

"Na zama kifin kogi," ya ce wata rana yana dawowa. "Shi ruwa ke shigarsa ta ko'ina ba da son ransa ba, aikinsa ke nan fitarwa, dare da rana. Na teku ne mai wahalar samu, ga ruwa kewaye da shi amma gishiri na tsotse shi, sai ya yi ta sha yana tattali."

"To Allah ya bar mu a kogi," Umma ta ce, ta tura masa wata gorar.

Ciwon yakan taso jefi-jefi, ya sa shi ya dafa bango. A irin wannan lokacin Umma ba ta tsokana. Takan tsaya a bayansa da tawul mai ɗumi ta danna masa a kwiɓi har ya wuce. Wata yamma bayan ya lafa, ya shiga kicin neman kofi, ya same ta tsaye gaban tukunya, wuta a kashe, tana share ido da bayan hannu. Ta ce albasa ce. Babu albasa a kan katakon. Malam ya buɗe famfo ya cika kofi, ya shanye a gabanta, ya sake cikawa ya shanye. Ta kunna wutar ta ci gaba da girkinta.

Tsakuwar ta fito wata safiya. Umma na shara ta ji ya yi wani ɗan nishi, sai shiru, sai ƙarar famfo. Can ya fito da mataci a gaba kamar mai ɗauke da tuta.

"Zo ki gani."

Ta leƙa. Ta koma ɗaki ta ɗauko tabaranta, ta sake leƙawa. A ƙasan matacin akwai wani ɗan abu ja-ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Wannan ce ta sa ƙarti biyu suka sauko da kai daga bene?"

"Ki duba bakinta. Duk ƙayoyi ne."

"Ni na zaci za ka fito da abin da za mu tokare ƙofa da shi."

Malam ya ji haushin ƙanƙantarta ƙwarai. Ya sa ta a ƙaramar kwalba ya kai asibiti da kansa. Da sakamakon ya fito likita ta kira shi ta ce tsakuwar yurik asid ce, ta rubuta masa magani, ta ƙara jaddada ruwa. Ta yi tsammanin zai damu. Sai ta ga ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

Bai hau gida kai tsaye ba, ya tsaya a ƙofar mai ɗinki. Tana kan keke, ta taso ta ba shi kujera. Ta taga ana ganin tamfol ɗin, wanda direba ya ƙarasa ɗaurewa tun Malam na kwance, ya yi fari fat da aikin tattabaru, kayan shanya kuwa tsaf a ƙarƙashinsa.

"'Yata, kin tuna farin nan da na ce miki ba ya narkewa?"

"Ina zan manta, Baba. Sai da na sake wa matar nan bayan riga."

"To shi ne aka samu a ƙodata. Shi ɗin dai. Mu ma muna yin sa, ɗan kaɗan, ruwa ke wanke shi. Ni da na hana ruwan sai ya taru."

Mai ɗinki ta dafe keke tana dariya har da hawaye. "Ashe dangi kake shayarwa a baranda, Baba. Mu muna ta cewa baƙi." Ta leƙa ciki ta kira mijinta. "Zo ka ji, Baba ya fara zama tattabara. Allah ya sa dai ba daga baranda zai riƙa yi ba."

Malam ya yi dariya shi ma, yana dafe kwiɓi don bai gama sakin jiki da wurin ba.

Saura tattaki. Nan wata sabuwar matsala ta ɓullo. Mutumin da a da yake ratsa gari bai nemi banɗaki ba, yanzu kafin ya kai ƙarshen layinsu sai ya fara waige-waige. Shekarunsa a unguwar bai san kowa ba sai gaisuwar hannu daga nesa. Dole ta sa ya fara sallama a shaguna. Mai kantin magani ya ba shi makullin banɗakinsa ɗaure da guntun katako. Mai gyaran agogo ya ce nasa ya lalace amma ya raka shi na maƙwabcinsa. Da sannu Malam ya san wanda 'yarsa ke jami'a, da wanda ƙafarsa ke kumbura, da wanda ke fushi da ƙaninsa. Yakan dawo gida da labarai, Umma ta ce ashe mafitsara ce za ta koya masa zumunci.

A shagon aski na bakin kwana ya fi daɗewa. Ranar farko da ya shiga, a gurguje ya wuce bayan labule. Da ya fito hankali kwance, sai ya lura da akwatin gilashi a kan kanta kusa da madubi, da 'yan kifaye jajaye a ciki. Ruwan ya yi duhu-duhu. Kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki.

"Kullum haka suke, Baba," mai aski ya ce, yana zagaya kunnen wani da reza. "Yunwa ce. Ina ta ƙara musu abinci, amma sai in zo da safe in tarar ɗaya ya juya ciki sama."

Malam ya ajiye gorarsa. Ya sunkuya ya shinshina ruwan.

"Yaushe rabon da ka canja musu?"

"Ai ba ya raguwa sosai. In ya ragu ina ƙarawa."

"Ba yunwa ba ce. A cikin fitsarinsu suke iyo."

Rezar ta tsaya. Wanda ake wa askin ya juyo da ido ta madubi.

Malam ya ce dattin kifi shi ne mafi dafi a duk na dabbobi, amoniya, ta waɗannan ƙofofin gefen kai da yake numfashi da su yake sakinsa. A kogi ba komai, ruwa na tafiya da shi. A akwati kuwa babu inda za shi. Ƙarin abinci ƙarin datti ne. Ya sa aka kawo bokiti da guntun tiyo. Ya naɗe hannun riga, ya zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ya ce kada a canja duka a lokaci guda, kuma ruwan famfo sai ya kwana a bokiti kafin a zuba, kada sanyinsa ya bambanta da na akwatin, don kifi ba shi da ɗumin kansa, na ruwan da yake ciki shi ne nasa.

Kifayen suka daina mutuwa. Mai aski ya ajiye wa Malam kujera ta musamman kusa da akwatin, kuma kusa da labule. A nan Malam ya gano abin da bai taɓa samu ba duk shekarunsa na koyarwa: ɗalibin da aka ɗaure wa ƙyalle a wuya, aka ɗora masa reza a maƙogwaro, ba ya tashi, ba ya surutu, ba ya duban taga. Masu jiran layi kuma, da ba su da abin yi, suka fara tambaya. Wani ya ce me ya sa giwa ke kaɗa kunne. Wani ya ce da gaske ne tozon raƙumi ruwa ne a ciki, Malam ya ce kitse ne. Wani mahauci ya rantse ya taɓa ganin shamuwa na yi wa ƙafafunta kashi da gangan, aka yi ta yi masa dariya, sai Malam ya ce gaskiyarsa ne, sanyaya jikinta take yi, in ya bushe ya tafi da zafin. Mahaucin ya bi kowa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, in ya ga Malam a hanya sai ya sauko daga babur ya gaishe shi.

Wata yamma abinci ya huce a kan tebur Malam bai dawo ba. Umma ta leƙa baranda ta koma, ta sake leƙawa. Can ta ji takunsa a matakala, a hankali fiye da kullum. Ta buɗe ƙofa ta same shi hannun riga a jiƙe har gwiwar hannu, yana riƙe da farar leda a ɗaure, cike da ruwa. A ciki wasu 'yan abubuwa biyu ne ke yawo, kowanne bai fi tsinken ashana ba.

"Sun haihu," ya ce. "In an bar su a can manyan za su cinye su. Mai aski ya ce in riƙe."

"Malam, a ina za mu sa su?"

"Na ga wata babbar kwalba a saman kabad."

"Ta sukarina ce."

"Sukarin ya kusa ƙarewa."

Ta tsaya tana dubansa, shi kuma yana duban ledar. Ta juya ta shiga kicin. Ya ji ƙarar kujera ana ja, da ƙarar sukari ana juyewa a kwano, da famfo. Ta fito da kwalbar a wanke tana gogewa.

"Ba za a zuba na famfo yanzu ba," ya ce. "Da ruwansu za su fara zama."

"Na ji."

Suka juye ledar tare, shi yana riƙe da baki, ita tana tallafe da gindi. 'Yan kifayen suka tsaya cik a tsakiyar kwalbar, sannan ɗaya ya motsa, ɗayan ya bi shi. Umma ta jawo kujera ta zauna, ta kawo fuskarta daf da gilashin.

"Wannan na bayan bai da kuzari," ta ce. "Me suke ci?"

Malam ya ciro ɗan ƙullin takarda daga aljihu ya miƙa mata, ya ce kaɗan za ta sa, abin da ya kama a kan yatsa. Ta barbaɗa, ta ce ya je ya wanke hannu, abincinsa na nan a rufe. Ita ba ta taso ba sai da ta ga na bayan ya ci.